Hannun mai cuɗa karta

A 1994, shekarar da aka karya darajar sefa, duk hutun da na dawo Tanut daga makaranta a Damagaram, a fada nake ƙarar da shi. Fadarmu na bayan tasha, gefen titin da ya miƙe zuwa Agadas. Buta a kan gawayi, tabarma ɗaya, da kartar belot guda 32 wadda gumi da ƙurar Damargu suka kumbura har ta yi laushi kamar tsumma. Ba mu sa kuɗi, wanda aka ci shi ke sayen sukari. Inna dai ba ta yarda ba, ta ce caca caca ce ko da tsakuwa ake yi.

Akwai wani dattijo, tsohon direba daga Belbeji, da ke zama da mu in yana jiran mota. Wannan bawan Allah bai taɓa sayen sukari ba. Mun ɗora abin a kan wata laya da ke damtsensa, har wani cikinmu ya ƙi zama ta hagunsa.

Wata rana na daina wasa na zuba wa hannunsa ido. In an gama zagaye, shi ke saurin tattara kartar. A belot dole ka bi irin da aka sauke, don haka kowane ci yakan kwanta wuri guda, kubbi kan kubbi, zi kan zi. Ya ɗora su yadda ya ga dama, ya zaro dunƙule daga ƙasa ya aza sama sau biyu, ya miƙa a yanka. Yanka kuwa ba ya wargaza jeri, mafari kawai yake sauyawa. Da ya ga kartarsa, ya san rabin abin da ke hannun maƙwabcinsa.

"Baba, ashe haka kake mana?"

"Ɗana, ku fuska kuke kallo. Ni ƙasa nake kallo."

Sai da na girma na tarar masana lissafi sun daɗe a kan wannan magana. A 1992 Dave Bayer da Persi Diaconis a Amurka suka nuna cewa karta 52 tana buƙatar cuɗawa kamar sau 7 kafin ta haɗu sosai, kuma irin cuɗawar da ake raba ta gida biyu a saki da manyan yatsu ta shiga juna. Irin tamu ta zaro-ka-aza sai an yi dubbai. Tun 1962 ma Edward Thorp ya bayyana cewa a wasan blakjak, in goma-goma da asi sun yi yawa cikin abin da ba a raba ba, riba ta karkata ga ɗan wasa. Gidajen cacar Las Vegas suka shiga haɗa karta da yawa wuri guda, suna sake cuɗawa da wuri, daga baya suka kawo injin cuɗa karta. A wasan foka ma duk lissafin sa'a ya dogara ne kan cewa an cuɗa da kyau.

Mu a fadarmu ba mu da inji. Doka muka kafa: a baza kartar kan tabarma, kowa ya sa hannu a dama ta kamar fura. A makon nan Baba ya sayi sukari sau biyu. Layar kuwa, da bakinsa ya faɗa mana, ta ciwon baya ce.