Kiɗan Da Waya Ba Ta Iya Ɗauka

Mai karatu, yaushe rabonka da ka tsaya kusa da makaɗi har ka ji kalangu yana dukan ƙirjinka? Ba a waya nake nufi ba, ba kuma a sifikar DJ ba. Ina nufin ka ga gumin mutumin, ka ga yadda yake matse kalangun a hammata yana sassautawa, 'yan amshi suna bayansa suna jira ya ajiye su ɗauka. Na yi wa abokan aikina wannan tambayar, mu bakwai ne a ɗakin hutu. Uku suka ce sun manta shekarar. Ƙananan cikinmu guda biyu kuwa ba su taɓa gani ba, alhali dukkansu haihuwar Zamfara ne.

Abin ya tsaya mini a rai, domin ƙasarmu ƙasar makaɗa ce. Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun da kotsonsa, wanda ya rasu a 1991, namu ne. Sa'idu Faru namu ne. Salihu Jankiɗi a Rawayya aka haife shi. Ga Kassu Zurmi, ga Amali Sububu na manoma, ga Sani Sabulu na Kanoma, ga Hassan Wayam mai kukuma da ya yi zamansa a Zariya. Babana ya ga Ɗanƙwairo da idonsa, kuma har yau in ya fara ba da labarin ranar sai abinci ya huce. Ni a kaset na san shi, 'ya'yana kuma a waya.

Amma ba waɗannan manyan ne suka sa na ɗauki alƙalami ba. Su rediyo ta ɗauke su, jami'o'i sun yi rubutu a kansu, ba za su ɓace ba in sha Allahu. Damuwata ƙananan ne. Makaɗin ƙauye da yake noma da damina, in an yi kaka ya sauke kalangu daga rataye. Tsohuwar da take kiɗan ƙwarya a gidan suna. Mai gangar da yake bin 'yan gayya kunya-kunya. Mai gurmin da yake zama a gindin bishiya ranar kasuwa. Waɗannan ba su taɓa shiga sutudiyo ba. In ba ka je inda suke ba, ba ka ji su ba, shi ke nan.

Bari in kwatanta wa wanda bai taɓa zuwa ajo ba yadda ake yi. Makaɗi ne yake kiran taron da kansa, ko wani masoyinsa ya kira masa. A raba goro ko alewa, a sanar da rana. A share fili, a jera benci, a shimfiɗa tabarmi, a rataya fitila, daga baya da janareta ya zo sai ƙwai ɗaya ko biyu. Mawaƙin zai fara da ambaton Allah, ya gaida mai gari da wanda ya yi kira, sannan ya ɗaga kai ya dubi jama'a. A nan aikin yake farawa. Akwai sanƙira a gefensa, mutumin da ya san kowa, yana raɗa masa: wancan mai farar hula jikan wane ne, kakansa ne ya haƙa rijiyar bakin kasuwa, wancan kuma bana ya cika rumbu uku. Kafin ka ankara sunanka ya shiga waƙa, da na ubanka, da na unguwarku. Ka tashi ka yi liƙi, ko da abin da ke aljihunka bai taka kara ya karya ba. Gobe in ya je wani gari, amshin yana nan yadda yake, amma ɗiyan waƙar sun canza, domin mutanen da ke gabansa sun canza.

Wannan ne abin da waya ba ta iya ɗauka. Waƙar da ke cikin wayarka, komai daɗinta, sunayen wasu ne a ciki, kuma gobe ma su za ka ji. A filin ajo kuwa kai ake kallo.

Ni ta ɓangaren mata na shiga wannan duniyar. Ina 'yar shekara goma sha biyu ake kai ni hutu wurin kakata a Gummi, ita kuwa Inna ba ta barin biki ya wuce ta. A tsakar gida ake yi, ba namiji ko ɗaya. A cika babbar ƙwarya da ruwa, a kifa ƙarama a kai, a kifa wasu a ƙasa, mata biyu ko uku su zauna da 'yan sanduna. Wadda ke kan ruwa ita ce mai zurfin murya, tana fita kamar daga cikin rijiya. Duk wanda ya san marigayiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ya san irin kiɗan. Sai dai abin da ake faɗa a tsakar gida ya fi na kaset yaji nesa ba kusa ba. A nan na fara ganin matan da na sani da sunkuyar da kai sun ɗaure gyale a ƙugu. A yi wa kishiya habaici ba a kama suna ba, kowa ya gane, ita ma ta tashi ta yi liƙi don a juya waƙar. A zuga mai sana'a, a yi wa malalaciya dariya. Rigimar da aka yi wata uku ana ƙullawa a gida sai ka ga ta warware a fili ɗaya, ko kuma ta ƙara ƙulluwa, gaskiya ɗaya ce.

Abubuwa uku na ga sun taru sun kashe wannan harka, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a jihar a watan Janairun 2000, tarukan dare masu cakuɗa maza da mata sun ragu, wasu makaɗan suka ajiye, wasu suka bar gari. Ba zan shiga fagen malamai ba, ba nawa ba ne. Na san dai kiɗan mata a cikin gida ya ci gaba da abinsa. Sai DJ ya zo, yaro ɗaya da kwamfuta da sifika biyu, ya fi araha, ba sai an ciyar da tawagar mutum takwas ba. Duk da haka makaɗa sun lallaɓa. Na ukun ne ya karya su.

Ka san shi, ba sai na tsawaita ba. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a faɗin Zamfara, an rufe kasuwannin mako. A farkon Janairun 2022 aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kai 200. Ƙauyen da sai ya biya haraji kafin a bar shi ya girbe gonarsa, ina shi ina kalankuwa? Ganga tana tafiya nesa da dare. A da wannan ne amfaninta, ta kira 'yan matan ƙauyen gaba zuwa dandali. Yanzu buga ta tamkar shela ce cewa ga mutane sun taru, ga kuɗi a hannunsu. Gayya ta mutu inda gonakin nesa suka zama daji. Garuruwa irin su Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma duniya ta san su ne da gubar dalma ta 2010 da ta kashe yara sama da 400, daga baya kuma da labarin bindiga. Ba wanda yake tuna cewa su ma suna da dandali da makaɗansu kamar kowane gari.

Wani zai ce ai makaɗan ma ba tsarkaka ba ne, an samu waɗanda suka wasa 'yan bindiga. Haka ne, kuma abin kunya ne. Tun da can ma akwai Gambu mai waƙar ɓarayi. Amma ban ga dalilin da tsohuwa mai ƙwarya za ta biya bashin da ba ta ci ba.

A wurin aiki kullum ina ganin abin da wannan zaman ya yi wa jikin mutane. Mace 'yar talatin da hawan jini. Dattijon da ya ce rabonsa da barcin kirki tun bara. Yaron da ƙarar babur take sa shi fitsari a tsaye. Muna auna jini, mu ba da magani, mu ce a rage tunani, mu da kanmu mun san maganar ba ta da inda za ta zauna. Ba ina cewa kiɗa magani ba ne, kada wani ya ajiye ƙwayarsa ya ce nas ta faɗa. Abin da na gani da idona kawai zan ba ka.

Bara aka gayyace ni suna a wani gida a Anka inda 'yan gudun hijira suke zaune. Bayan la'asar aka fara, da sharaɗin a tashi kafin magariba. Mai kiɗan wata tsohuwa ce daga wani ƙauyen Bukkuyum. Ƙoren da ta yi shekaru tana kiɗa da su sun ƙone tare da ɗakinta, don haka robar wanki aka cika da ruwa, aka aro ƙwarya ɗaya a maƙwabta, jikarta kuma tana dukan bayan kwano. Sautin bai kai na Gummi da na sani ba, ko kusa. Ta yi wa mai jego, ta yi wa jariri, aka yi guɗa. Can sai ta sauke murya ta fara kiran garuruwa. Ta kira ƙauye, ta faɗi bishiyar da ke bakinsa, ta faɗi rijiyarsa, ta faɗi abin da matansa suka iya dafawa. Duk garin da ta kira sai ka ga mace biyu ko uku sun miƙe. Wasu daga cikin garuruwan nan yau ba kowa a cikinsu.

Akwai wata baiwar Allah a wurin da na daɗe ina gani a layin awo, ban taɓa jin ta haɗa jimla biyu ba. Da aka kira garinsu ta tashi, ta kwance bakin zane ta ciro naira hamsin ta ɗora wa tsohuwar a goshi, ta taka rawa hawaye yana zuba. Ba wadda ta ce ta yi shiru. Da ta zauna sai ta juyo ta ba ni labarin gonar gyaɗarsu, tun daga shuka har kasuwa, ta yi minti goma tana magana.

Da aka tashi na je gaida tsohuwar. Na ce, "Inna, sannu da ƙoƙari, ashe kin san garuruwa haka?" Ta ce, "Ɗiyata, duk na ci tuwonsu. In ban kira su ba, wa ka kiran su?"

Ba mu kaɗai abin ya taɓa ba. A Mali akwai bikin waƙoƙin hamada da ake yi a yankin Timbuktu, wanda mutane suke zuwa daga Turai da Amurka. Tun bayan na 2012 yaƙi ya hana a sake yin sa a can. Bikin kamun kifi na Argungu ma ya yi shekara kusan goma a rufe kafin ya dawo a 2020. Abin da ya ba ni mamaki kuma, a ƙasashen da suka fi mu waya da intanet, mutane ba su daina neman ƙaramin taro ba. A birnin Nashville na Amurka akwai wani ɗan gidan waƙa, Bluebird Cafe, kujerunsa ba su kai ɗari ba, amma layi ake yi don a zauna gab da mawaƙi da jitarsa. Banjo ɗin da suke taƙama da ita a waƙoƙin karkararsu kuwa, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka kai tushenta, 'yar'uwar gurmi da molo ce. Su suna biyan kuɗi su matsa kusa, mu mai gurminmu yana tura baro a tasha.

Ke uwar gida da kike shirin suna ko biki, ba na ce ki kori DJ ba, 'yan mata ba za su yafe miki ba. Amma ki tambaya a unguwa, da wuya a rasa mai ƙwarya ko mai kalangu cikin waɗanda hijira ta kawo gari. Ki kira da rana, a gama da wuri. Ki yi ciniki da ita kamar yadda kike yi da mai abinci, kada a bar ta da abin liƙi kawai, don yanzu hannun kowa a ƙulle yake. Ki bar yara su zauna kusa su ga yadda ake yi. In za a ɗauka a waya a nemi izininta, a tambayi sunanta da garinsu a rubuta. Jarirai kuma, don Allah, a nisanta su da bakin sifika. Na gaji da ganin goyon wata biyu a gindin akwatin da ni babba kunnena yake kwana yana ƙara.

Ƙanwata za a aurar a Gummi bayan kaka. Mun yi mako biyu muna ja da ƙawayenta, a ƙarshe aka raba: su da DJ ɗinsu ranar kamu, iyaye mata kuma da ƙwarya ranar wuni, daga azahar zuwa la'asar. Tsohuwar nan na nema, ta amsa. Mun yi da direba za mu bar Anka sai rana ta ɗaga, mu bi ta Daki Takwas tare da sauran motoci, ba tsayawa. Na riga na yi musayar aikin kwana biyu da abokiyar aikina. Saura ƙore. Ta ce in samo mata huɗu, babba ɗaya ta ruwa da ƙanana uku, in ƙwanƙwasa kowace a kunnena kafin in biya, kada mai ƙwarya ya haɗa ni da mai tsaga.