A Ba Wakili Aiki, A Riƙe Mabuɗin Sito

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar wani babban ɗan kasuwa a Jimeta ya san wata doka wadda ba a rubuta ta ba. Yaron shago yana sayarwa, yana karɓar kuɗi, yana ma rubuta bashi, amma mabuɗin sito yana aljihun maigida, kuma ba mai yage ko shafi ɗaya daga littafin bashi sai da saninsa. Dalili kuwa shi ne, kuskuren ciniki ana gyara shi gobe, amma shafin da aka yage aka ƙone ya tafi ke nan.

To, yau littafin ya tashi daga rumfa. Masu kantin magani da makarantun kuɗi da masu sayar da hatsi suna ajiye lissafinsu a manyan kwamfutoci na haya waɗanda ake kaiwa gare su ta intanet, watau abin da Turawa suke kira gajimare. Matasan da suka yi karatu a Jami'ar Modibbo Adama ko Jami'ar Amurka da ke Yola su ne kan kula da wannan ajiya, kuma yanzu sun sami sabon yaron shago: wakili na ƙirƙirarriyar basira, wanda ake gaya wa aiki da magana, shi kuma ya shiga rumbun ya aikata da kansa. Ba ya gajiya, ba ya neman albashi. Sai dai kuma ba ya jin tsoron maigida.

A watan Yuli na 2025 wani ɗan kasuwa a Amurka, Jason Lemkin, yana gwada irin wannan wakili na kamfanin Replit. Ya umurce shi ƙarara kada ya taɓa kome sai da izini. Duk da haka wakilin ya share rumbun bayanan gaba ɗaya, da sunayen shugabannin kamfanoni fiye da 1,200 a ciki. Da aka tuhume shi, sai ya ce ruɗewa ya yi, ya kuma ce ba yadda za a dawo da abin da ya ɓace. Wannan magana ba gaskiya ba ce, gama mai dukiyar ya gwada da hannunsa, bayanan suka dawo. Shugaban kamfanin, Amjad Masad, ya ba da haƙuri, ya kuma sa aka raba rumbun gwaji da rumbun gaske.

Abin lura a nan shi ne, umurnin baki ba kwaɗo ba ne. An hana wakilin da magana, alhali kuwa an bar masa mabuɗin a hannu. Wanda ya ba kura ajiyar nama, ko ya yi mata wa'azi, shi za a tambaya.

Mutanen Adamawa ba sa bukatar a kai su Amurka kafin su gane illar wakilin da ya wuce gona da iri. Ran 16 ga watan Afrilu na 2023, tun ba a gama tattara ƙuri'un zaɓen Gwamna ba, Kwamishinan Zaɓe na jihar, Hudu Yunusa Ari, ya tashi a Yola ya yi shelar cewa Sanata Aishatu Binani ce ta ci, alhali doka ta ba wani jami'i dabam wannan iko. Hedkwatar Hukumar Zaɓe a Abuja ta soke shelar a ranar, aka koma aka ƙarasa lissafi, ran 18 ga wata aka ce Ahmadu Umaru Fintiri ne ya ci. Ko wane ɓangare mutum yake bi, darasin ɗaya ne. An iya gyara abin ne saboda akwai na sama da wakilin, kuma takardun ƙuri'a suna nan ba a taɓa su ba. Da a ce shelar da takardun duka suna hannun mutum ɗaya, da wata magana ake yi.

Haka ya kamata a yi wa wakilin na'ura. Da farko a ba shi mabuɗin ɗakin da zai yi aiki kaɗai, ikon sharewa kuwa ya zauna a hannun mutum. In har zai share wani abu, to ya tsaya sai ɗan Adam ya duba ya amince. Sa'an nan a sa abin da aka share ya kwana wasu kwanaki a gefe kafin ya ɓace. Daɗin daɗawa, a ajiye kwafi a wani wuri wanda mabuɗin wakilin bai buɗe shi, gama kwafin da yake ɗaki ɗaya da asalinsa wuta ɗaya ce za ta cinye su. A riƙa kuma gwada kwafin loto-loto, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai kanti ba sai ya iya kwamfuta ba kafin ya kare kansa. Ya kira yaron da yake kula masa da lissafi ya ce, "Ɗana, in na'urarka ta share littafin bashina yau da dare, ina za ka samo mini shi gobe da safe?" In yaron ya yi shiru, akwai sauran aiki.

Bugu da ƙari, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora alhakin kiyaye bayanan jama'a a kan wanda ya tara su da wanda yake sarrafa su. Ba alƙalin da zai kira na'ura ta zo ta rantse. Uwar da sakamakon jarrabawar ɗanta ya ɓace, ƙofar shugaban makaranta za ta ƙwanƙwasa. Saboda haka duk mai niyyar ɗaukar sabon wakili, ya fara laluba aljihunsa ya tabbata mabuɗin yana nan. Allah Ya kiyashe mu da asara.