Inabi a Bakin Iyakar Jibiya

Da sanyin safiya muka bar Katsina, muka nufi Jibiya. Watan Janairu ne, hunturu ya kankama, kowa ya ƙudundune cikin mayafi. A Magama, inda ake duba takardun masu ƙetarewa zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, muka tsaya jiran layi. Nan wani yaro mai talla ya kawo mana inabi cikin 'yar roba. Muka tambaye shi inda aka noma shi, ya ce shi dai ya san daga Kano ake kawowa.

Kullum muna jin sunan inabi a karatun Littafi Mai Tsarki, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa ganin kuringarsa. To, inabi iri-iri ne. Na yaron nan na ci ne. Akwai kuma wanda ake matsewa don ruwan inabi, kamar Sira, wanda asalinsa kwarin kogin Ron ne a Faransa. A Ostareliya ana ce da shi Shiraz. 'Ya'yansa ƙanana ne, baƙaƙe, ruwansa kuwa ja wur ne, mai ƙarfi. In zafi ya yi masa yawa sai ya nuna da gaggawa, zaƙi ya rinjaya, ɗan tsamin da ke gyara ɗanɗanonsa ya gudu. Shi ya sa waɗansu manoma sukan nemi bakin teku mai sanyi. A gefen birnin Kef na Afirka ta Kudu, inda aka fara matse inabi a 1659, iskar teku ce take sa 'ya'yan su nuna sannu a hankali.

Jibiya ba ta da teku, amma tana da hunturu. Sanyin darensa ne yake sa alkama da tumatir da albasa su yi kyau da rani. Ruwa ma akwai shi, gama ga madatsar ruwa a kan kogin Gada, wanda yake gangarawa Nijar ya zama Gulbin Maraɗi. Manoman Hunƙuyi kusa da Zariya kuwa sun riga sun nuna cewa inabin ci yana yi a ƙasarmu.

Saura abu na uku, wato zaman lafiya. Gero wata uku ya ishe shi. Kuringar inabi kuwa sai ta yi kamar shekara uku kafin ta ba da amfani sosai, kuma tana son ban ruwa da sassabe a kan kari. Hare-haren 'yan bindiga sun raba mutanen ƙauyuka da yawa na Jibiya da gonakinsu. Wa zai dasa abin shekara uku a gonar da bai tabbata zai koma cikinta gobe ba?

Muna cikin wannan zance aka kira mu, aka buga mana hatimi. Muka raba sauran inabin da direbanmu, wanda ya ce gonar mahaifinsa tana can yamma da gari, yana sa ran komawa. Masu karatu, ku riƙa tunawa da irinsa.