Kaza ɗaya, mutum biyu

Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mu da muka yi ƙuruciya a shekarun 1990, cikin abubuwan da muke tunawa har da wanda iyayenmu ba su taɓa ɗauka da wata daraja ba, wato wasan na'ura mai suna Streets of Rage 2. Kamfanin Sega na ƙasar Japan ya fito da shi a ƙarshen shekarar 1992 domin na'urarsa ta Mega Drive. Bai iso unguwarmu a Maradi ba sai bayan ƴan shekaru, cikin kayan da ƴan kasuwa ke shigowa da su daga Kano. Wani matashi ya jona na'urar da tsohuwar tele a cikin shago, ya ajiye benci, kowa ya ba da dala biyar ya zauna.

Labarin wasan gajere ne. Wani shugaban ƴan ta'adda, Mr. X, ya sace wani mutum mai suna Adam Hunter. Sai abokansa Axel da Blaze da Max, tare da ƙanensa Skate, suka fita nemansa. Mataki takwas ne, ana tafiya daga hagu zuwa dama ana ta gwabzawa da ƴan iskan gari, kiɗan Yuzo Koshiro na tashi. Maɓalli uku ne kawai: na duka, da na tsalle, da na wani bugu na musamman wanda ke rage wa mai yin sa ƙarfi.

Rubutun da ke fitowa Ingilishi ne, mu kuwa Faransanci muke koyo a makaranta, saboda haka muka raɗa wa kowa suna da harshenmu. Max ya zama Basamude, Blaze ta zama Mai Jar Riga, Skate kuma Auta, kamar autan tatsuniya da ke fita ceton yayansa. Masu kallo, waɗanda kullum sun fi masu wasa yawa, suna tsaye a baya suna zuga Basamude da kirari kamar a filin kokowa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda wasan ke ɗaure mutum biyu wuri guda. Hoton ba ya gaba idan ɗaya ya tsaya a baya. Komai gaggawarka sai ka jira abokinka. Dukan da ka kai wa abokin gaba yana iya samun ɗan uwanka idan ya gitta, don haka dole ka san inda yake kafin ka ɗaga hannu. Sannan ga batun kaza. Idan aka fasa akwati ko garwar shara, wani lokaci gasasshiyar kaza ke fitowa, wadda ke cika wa mutum ƙarfinsa gaba ɗaya. Kaza ɗaya ce, mutum biyu ne. Babu wata doka a cikin na'urar da ta hana mai ƙarfi ɗauka, amma a bencinmu akwai: wanda ya fi jigata shi ke ci. Yaron da ya wawuri kaza alhali ƙarfinsa a cike yake, abokinsa na dab da faɗuwa, washegari sai ya rasa mai zama kusa da shi. A nan na fara ganin yadda jama'a ke hukunta mai son kai ba tare da bulala ba.

Wasan kuma ba ya ajiye inda aka tsaya. Idan wuta ta ɗauke ana mataki na bakwai, sai a koma na farko, a haɗiye takaici tare.

Dattawa sun yi ƙorafi a lokacin, sun ce abin duk faɗa ne, kuma zai raba mu da langa da tatsuniyar dare. Akwai gaskiya a maganarsu, domin dandali ya ragu ƙwarai tun daga wancan zamani. Sai dai mun shiga shagon nan ɗauke da tarbiyyar dandali, da kirarinta da kunyarta da rabonta, muka ɗora ta a kan kayan Japan.

A shekarar 2020 an fito da kashi na huɗu na wasan, da hannun kamfanonin Faransa irin su Dotemu da Lizardcube, kuma mutum huɗu na iya buga shi a zaune wuri guda. Ɗalibaina ba su san shi ba. Wasanninsu na cikin waya ne, sun fi namu kyau nesa ba kusa ba, amma lokacin shan iska nakan ga kowa ya sunkuya a kan tasa, abokin wasansa wani ne can wata ƙasa wanda ba zai taɓa jin kunyarsa ba.

Shi ya sa nake roƙon ƴan uwana malamai da ƙungiyoyinmu na raya al'adu, idan za mu auna wasannin yaranmu, kada mu tsaya ga tambayar daga wace ƙasa suka fito. Mu duba mutum nawa wasan ke zaunarwa a benci ɗaya, mu kuma duba ko akwai abin da yake tilasta musu su raba.