Harafi Ɗaya a Cikin Jini

Duk ɗalibin Hausa ya san abin da kan faru idan marubuci ya manta da lanƙwasar ƙ: baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Irin wannan kuskure yakan auku a jikin ɗan Adam, sai dai a can jan biron malami ba ya gyara shi.

Ƙwayar gado, wadda masana ke kira DNA, rubutu ce mai haruffa huɗu kacal, wato A, T, G da C, kuma uku-uku ake karanta su. A cikin umarnin da ke gina himogulobin, sinadarin da ke dakon iska a jini, akwai kalmar GAG. Idan A ta koma T, kalmar ta zama GTG, sai tubali na shida daga cikin 146 na sarƙar sinadarin ya sauya. Vernon Ingram ne ya gano sauyin wannan tubali a Ingila cikin 1957. Da zarar iska ta yi ƙaranci, sai jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi. Ƙwayar da ya kamata ta kwana 120 takan mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Wannan shi ne amosanin jini, wato sikila.

Abin mamaki, kuskuren yana da ranarsa. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa wanda ya gaje shi daga ɓangare ɗaya kawai, mai rukunin AS, ya fi jure zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa ya yaɗu a ƙasashen sauro, har Nijeriya ta zarce kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da cutar.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen aure. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zama SS. Mutane da dama sukan ɗauka cewa in ɗan fari ya kamu, uku na bayansa sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, ana iya samun huɗu a jere.

A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da wani magani mai yi wa ƙwayar gado gyara, amma an sa masa farashin dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya a Amurka. A 2024 kuwa jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure. Dokar ta dace, sai dai sau da yawa ba a zuwa asibiti sai an kai lefe an sa rana, lokacin da fasawa ta riga ta yi wa iyalai biyu nauyi.