Idon da Ya Firfito

Da wuya a sami wata gaɓa ta jikin ɗan Adam wadda Bahaushe ya ɗora wa nauyin fassara hali kamar ido. Yaron da ya dubi babba bai sunkuyar da kai ba, tsaurin ido gare shi. Wanda ya tsorata ya zare ido, wanda ya fusata ya yi harara, wanda ya yi yawon duniya kuwa idonsa ya buɗe. Ta fuskar cuta ma harshen bai yi talauci ba, domin akwai hakiya da dundumi da yana da amosani. Amma akwai wani ciwon ido wanda bai sami suna ba, saboda haka idan ya zo sai a ɗauke shi a jefa cikin kwandon hali. Shi ne idon da yakan firfito sakamakon cutar maƙoƙo, musamman idan ya haɗu da juna biyu.

Wata yarinya 'yar shekara ashirin da ɗaya, wadda aka kai ɗaki wajen Ƙofar Marusa a birnin Katsina, ta ɗanɗani wannan. Cikinta na fari ne, watau irin wanda ba a faɗinsa, sai dai manya su gane da kansu. Tun watan biyu ta soma rama alhali tana cin abinci kamar gara. Zuciyarta na bugawa ko tana zaune, hannunta na rawa in ta ɗauki ludayi, ga gumi ko da sanyin asuba. Duk wanda ya gani sai ya ce laulayi ne. Ai kuwa ba a zargin mai faɗin haka, domin laulayi rumbu ne, kome aka zuba masa ɗauka yake yi.

Abin da laulayi bai ɗauka ba shi ne idon. Fatar sama ta janye, farin ya bayyana a bisa baƙin, har ya zamana ko gaisuwa ta durƙusa yi sai a ga kamar tana ƙure mutum da kallo. Uwar mijinta ta kira ɗanta gefe ta ce, "Kai, yarinyar nan mi ya same ta? Da can ko fuskarta ba a gani, yanzu ko ido cikin ido take dubana." Wata maƙwabciya ta ce iska ce, wata ta ce kambun baka ne, don dama an san ta da dara-daran idanu. Aka yi hayaƙi, aka ƙara mata kwalli, ido ya ƙara ja yana zubar da hawaye. Ita kuwa kunyar da aka ce ta rasa, ita ce ta hana ta faɗin cewa ji take kamar an zuba mata yashi, kuma fitila ɗaya biyu take ganinta.

Sai a wata na biyar wata gwaggonta ta zo ta kwana, ta farka da tsakar dare ta tarar yarinya tana barci amma idon bai rufe ba. Da gari ya waye ta ce, "Ɗiyata, wannan ya wuce na gida, ɗauko mayafinki." A wurin awon ciki malamar asibiti ta ƙirga bugun jijiyarta, ta sa ta miƙe hannu ta ɗora mata takarda a kai, takarda na karkarwa, sa'an nan ta shafa wuyanta ta ji kumburi. Gwajin jini ya tabbatar da abin da ta zata.

A nan ya kamata mai karatu ya bambanta maƙoƙo iri biyu. Akwai wanda kowa ya sani, wanda rashin sinadarin aidin a abinci yake kawowa, wanda kuma ya ragu ƙwarai tun da aka wajabta sa aidin cikin gishiri a Nijeriya a 1993. Wannan ba ya fito da ido. Na biyun kuwa, wanda likitoci suke kira cutar Graves, tawaye ne na cikin gida. Garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar baƙin cututtuka, ita ce take juyowa ta zaburar da ƙullin nan na gaban wuya mai suna tayirod, ya yi ta zuba sinadarinsa fiye da kima, jiki ya riƙa gudu kamar dokin da ya tsinke linzami. Wannan garkuwa kuma takan taɓa tsoka da kitsen da ke bayan ƙwayar ido su kumbura. To, kwarmin ido ƙashi ne, ba ya buɗawa. Ƙofa ɗaya ce gare shi, ta gaba, don haka ƙwayar sai ta turo waje. Mata sun fi maza kamuwa nesa ba kusa ba, kuma galibi a shekarun haihuwa.

Sunan ya samo asali ne daga Robert Graves, wani likita na birnin Dublin da ya bayyana cutar a 1835, sa'an nan Bajamushe Karl von Basedow ya yi nasa bayanin a 1840. Amma tun ƙarni na 12 likitan Farisa Isma'il al-Jurjani ya lura da dangantakar kumburin wuya da fitowar ido. Abin sha'awa kuma, macen da Caleb Parry na Ingila ya fara ganin cutar a jikinta a 1786 mai jego ce.

Wahalar likita ita ce marasa lafiyarsa biyu ne, ɗaya ba ya ganinsa. Idan aka bar cutar ba magani, tana iya jawo ɓari, ko bakwaini, ko hawan jinin da ke kai ga jijjiga, ko gazawar zuciyar uwa. Idan kuma magani ya yi yawa, ya ratsa mahaifa ya danne tayirod ɗin jariri. Shi ya sa ake ba da mafi ƙarancin abin da zai wadatar, ana maimaita gwajin jini kusan kowane wata. A watanni uku na farko akan fifita propylthiouracil, bayan nan a iya komawa carbimazole. Aidin mai tururin nukiliya kuwa, wanda akan ƙona ƙullin da shi, ba a ba mai ciki ko mai shayarwa sam. Birnin Katsina yana da inda ake duba irin wannan, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa, ido kuwa in ya tsananta akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Shi idon, kulawarsa ta yau da kullum ba ta da tsada: ruwan ɗigawa mai hana bushewa, man shafawa da dare, ƙarin matashi a ɗaga kai, baƙin tabarau saboda rana da ƙurar hunturu, da nisantar hayaƙin taba. Abin tsoro shi ne gani ya soma dushewa, ko launin atamfa ya koɗe a idon mai kallo, ko baƙin ido ya yi gyambo. Wannan kam ba ya jiran haihuwa, domin kumburin yana iya shaƙe jijiyar gani.

Da aka kai yarinyar goyon ciki gidan iyayenta a wata na bakwai, ta sami sauƙi har aka rage mata magani. 'Yan uwa suka ce iskar gida ce. Gaskiyar ita ce ciki kan kwantar da garkuwar jiki a ƙarshensa don kada ta yaƙi ɗan tayi, cutar sai ta lafa tare da ita. Bayan haihuwa garkuwar takan farka, cutar ta dawo, wani lokaci daidai sa'ad da mai jego take tsakanin ruwan zafi da kunun kanwa, kowa yana danganta gumi da bugun zuciya ga wanka.

Ta haifi ɗa namiji. An riƙa duba shi a makonni biyu na farko, domin abin da ya zaburar da uwa yakan ratsa ya zaburar da jariri, amma aka tarar lafiyarsa lau. Ita kuwa a wata na huɗu bayan suna aka mai da ta kan magani, tana kuma ba da nono yadda likita ya amince. Idon dama ya koma kaɗan, na hagu bai koma ba. Uwar mijin yanzu ita ce mai tuna mata ranar asibiti, ko da yake har yau in baƙuwa ta shigo takan riga kowa cewa, "Ciwo ne, ba halinta ba ne."