Nehemiya da Bangon Majami'armu

Damina uku da suka wuce ruwa ya kayar da bangon gabas na majami'armu. Ginin laka ne, iyayenmu suka yi shi. Ran Lahadi bayan sujada na miƙe na ce kowane gida ya kawo tubali 200 kafin a gama girbi. Na yi maganar kamar mai gari yana shelar haraji. Girbi ya wuce, hunturu ya shigo, tubalin da aka tara bai kai na gida uku ba. Na husata, har sau biyu ina wa'azi a kan taurin kai.

Wani dattijo ne ya tare ni a bakin rijiya, ya ce, "Malam, kai ka ga bango. Ka ga rumbunanmu kuwa?" Kunya ta kama ni. Daren nan na buɗe Littafin Nehemiya.

'Yan'uwa, mutumin nan ba firist ba ne, ba kuwa annabi ba. Shi ke miƙa wa Sarki Artashate abin sha a Shushan. Da ya ji garun Urushalima a rushe yake, wata huɗu ya yi yana addu'a kafin ya buɗe baki gaban sarki, wajen shekara ta 445 kafin haihuwar Almasihu. Ya isa birnin, ya yi kwana uku bai ce kome ba, sa'an nan ya fita da dare yana duba kangon. Ni ko yini ɗaya ban jira ba. Da ya tara jama'a kuma, bai ɗora musu laifi ba. Ya sa kansa cikin wahalar, ya ba su labarin alherin da Allah ya yi masa, su da bakinsu suka ce a tashi a yi gini.

A makarantar mishan mukan tsallake sura ta 3, gama sunayen suna karya harshe. Ashe zuciyar littafin ke nan. Firistoci, maƙeran zinariya, masu haɗa turare, 'yan kasuwa, har Shallum da 'ya'yansa mata, kowa da rabonsa, da yawa kuma daidai ƙofar gidansu suka gyara. Manyan Tekowa sun ƙi sa hannu, amma talakawansu suka gina kashi biyu.

Sura ta 5 ce ta fi suka na. Ana tsakar aiki matalauta suka yi kuka: sun jinginar da gonakinsu domin hatsi, 'ya'yansu suna shiga bauta. Nehemiya ya tara manya, ya yarda shi ma ya ba da rance, ya sa aka mayar da gonakin. Shekara 12 yana mulki bai karɓi abincin da ake ba mai mulki ba. Cikin kwana 52 aka gama garun.

Sai na bi gida gida ina tambaya. Na tarar gida biyar sun ci bashin gero tun kafin shuka, samari kuma rabinsu sun tafi ci-rani. Muka fara da bashin, daga dammunan baikon godiya. Bayan haka muka raba bangon da igiya, zumuntar mata suka ɗauki ɗiban ruwa, ni ma na shiga kwaɓin ƙasa. Wata huɗu muka yi. Gida biyu ba su zo ba har aka gama, amma suna zuwa sujada, jikin sabon bangon ma suke jingina. Saura rufi, ba mu daidaita a kan kuɗin kwano ba tukuna.